SAYEN GIDAN IYALI: YADDA AKE AUNA DARAJAR UNGUWA DA ZAMAN LAFIYARTA
Darasi daga GRA ta birnin Bauchi

GABATARWA

Cikin dukan cinikin da magidanci zai yi a rayuwarsa, da wuya a sami wanda ya kai sayen gida nauyi. Wani yakan shekara ashirin yana tara kuɗin. Wani kuɗin sallamarsa ne daga aiki, wani rabonsa ne na gado, wani kuma rance ya ci wanda zai daɗe yana biya. Idan ɗaki ya yi ƙaranci ana iya ƙara wani, idan rufi ya tsufa ana iya sake shi, amma babu mahalukin da ya isa ya ɗauki gida ya kai shi wata unguwa. Saboda haka wanda ya sayi gida, ya sayi unguwar da gidan yake ciki, da hanyarta, da ruwanta, da maƙwabtanta.

An shirya wannan darasi ne domin a nuna wa jama'a yadda za su auna unguwa kafin su ba da kuɗinsu. Mun ɗauki GRA ta birnin Bauchi ta zama abin misali, domin irin wannan unguwa ce mutane suka fi saya da ka, watau da jin sunanta kawai sai su sakankance. Abin da za a faɗa a nan ya shafi mai neman gida a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, da kowane birni na ƙasar nan. Tushen darasin ɗaya ne: suna ba ya tsare dukiya. Abin da ke tsare ta shi ne abin da ka gani da idonka a unguwa, da abin da ka tarar a rubuce a ofishin filaye.

ASALIN GRA

Birnin Bauchi, Malam Yakubu ne ya kafa shi a 1809, bayan ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, aka kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi irin su Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Wambai. Da Turawa suka ci garin a 1902, ba su zauna cikin ganuwa ba. Sun kafa barikinsu a waje, kamar yadda suka yi a Kano da Zariya da Katsina. A 1917, zamanin Gwamna Lugga, aka yi dokar tsarin garuruwa wadda ta ƙarfafa wannan rabuwa. Ƙa'idar da ake bi a lokacin ita ce a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da zazzaɓi.

Daga wannan tsari ne unguwar ta sami kamanninta: filaye masu faɗi, gida ɗaya a tsakiyar kowane fili, tituna a miƙe, da itatuwan inuwa irin su maɗaci da darbejiya da mangwaro. Daga baya aka daina kiranta unguwar Turawa, aka koma kiranta GRA, ma'ana wurin da gwamnati ta keɓe. Bayan samun mulkin kai a 1960, manyan ma'aikata 'yan ƙasa suka gaji gidajen.

A ranar 3 ga Fabrairu, 1976, Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta ƙirƙiro Jihar Bauchi daga tsohuwar Jihar Arewa Maso Gabas, garin ya zama hedkwata. Ma'aikata suka kwararo, aka buɗe Kwalejin Fasaha ta Tarayya a 1979, aka kafa jami'ar da yanzu ake kira Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1980. Tsohuwar GRA ta kasa ɗaukar jama'a, aka yanka sabuwa, aka kuma gina rukunan gidaje a wasu sassa na garin. A ƙidayar 2006 mutanen Ƙaramar Hukumar Bauchi sun kusa 500,000, sun kuwa ƙaru ƙwarai tun daga lokacin.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, darajar GRA daga abubuwa huɗu ta samo asali: tsari, da yalwar fili, da ƙarancin cunkoso, da kulawar hukuma. Duk layin da waɗannan abubuwa suke nan, darajarsa tana nan. Layin da aka daddatsa filayensa, aka toshe magudanan ruwansa, aka mai da gidajensa wuraren kasuwanci, to sunan kaɗai ya rage masa. Bugu da ƙari, a yau dillalai sukan laƙaba wa sabbin filaye na bayan gari sunan GRA domin su ɗaga farashi. Kada ka karɓi wannan suna daga bakin dillali. Ka nemi taswirar da hukuma ta amince da ita, ka ga lambar filin a jikinta.

KA ZIYARCI UNGUWA SAU HUƊU

Gani ya kori ji. Dillali yakan kai mai saye da hantsi, lokacin da yara suna makaranta, titi ya yi shiru, rana ta busar da komai. Wannan ziyara ba ta isa ba. Ya kamata ka koma kai kaɗai, ko kai da uwargida, a lokuta huɗu, kuma ka taka da ƙafa maimakon ka leƙa ta tagar mota.

1. Da sassafe ranar aiki. Ka duba yawan motoci da babura a kan layin, da yadda yara ke ƙetare titi. Ka auna minti nawa za ka yi daga ƙofar gidan zuwa wurin aikinka.

2. Da dare bayan sallar isha'i. Ka duba ko akwai haske a titi, ko mutane suna yawo hankali kwance, ko akwai wani lungu da matasa ke taruwa suna shaye-shaye. Ka saurari ƙarar injinan wuta da na kiɗa.

3. Ranar Asabar ko Lahadi da yamma. A nan ne za ka gane ko akwai zauren biki ko otal ko wurin shaƙatawa kusa, wanda motocin baƙinsa za su riƙa tare maka ƙofa.

4. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi. A Bauchi damina takan kama daga Mayu zuwa wajen Oktoba, ruwa ya fi yawa a Yuli da Agusta. Wanda ya ga gida a watan Janairu bai san halin gidan ba tukuna. Idan ba za ka iya jiran damina ba, ka duba gindin katangu, na gidan da na maƙwabta. Ruwa yakan bar shaida: layin danshi a bango, da gansakuka, da fenti mai ɓarewa, da yashin da ya taru a bakin kwalbati.

RUWA DA MAGUDANA

Ruwan famfo na birnin Bauchi daga madatsar Gubi yake zuwa, wadda ke arewa da garin. Ganin bututu a cikin gida ba shi ne samun ruwa ba. Ka tambayi maƙwabta kwana nawa a mako ruwa ke zuwa, da ƙarfe nawa, da kuma ko yana da ƙarfin hawa tanki. Ka nemi rasit na kuɗin ruwa, domin kada ka gaji bashin wani.

Game da rijiyar burtsatse, ya kamata a sani cewa Bauchi a kan dutse take zaune. Irin wannan ƙasa ba ta riƙe ruwa ko'ina, sai inda dutsen ya tsage ko ya rududduge. Shi ya sa za ka ga gida ya haƙa ya sami ruwa mai yawa, maƙwabcinsa ya haƙa ya tashi a tutar babu. Idan an ce maka akwai burtsatse, ka sa a kunna ta a gabanka, ka ga tsawon lokacin da za ta yi tana ba da ruwa, ka kuma tambayi halinta a watan Maris da Afrilu, lokacin da rijiyoyi ke ja baya.

Ka duba nisan rijiya da ramin masai, na gidan da na maƙwabta. Ma'aikatan lafiya sukan ba da shawarar a bar kamar mita 30 tsakaninsu. A tsohon tsarin GRA wannan ba matsala ba ne, saboda faɗin fili. Amma inda aka raba fili ɗaya gida huɗu ko biyar, kowa da raminsa kowa da rijiyarsa, sai ka tarar sun matsi juna. Jihar Bauchi tana cikin jihohin da annobar amai da gudawa ta fi yi wa ɓarna a 2021, kuma gurɓataccen ruwa ne babbar hanyar wannan cuta. Kai ruwan rijiyar a auna a ɗakin gwaji bai kai kuɗin jinyar yaro ɗaya ba.

Sai magudana. Ka bi lambatun layin da ƙafa har ka ga inda ya zuba. Idan wani ya yi gini a kansa, ko ya cika da shara, ruwan zai nemi hanya, wataƙila kuwa ta cikin gidanka. Ka guji filin da ya fi titi ƙasa, da wanda yake bakin fadama ko kan tsohuwar hanyar ruwa, kome arhar sa. Ka kuma tambaya wa ke kwashe shara a layin, motar hukumar tsabtace muhalli ta jiha ce ko 'yan kwangila, kuma sau nawa a mako.

WUTAR LANTARKI

Tun bayan da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, kamfanin rarraba wuta na Jos ne ke kula da Bauchi. An kasa layukan wuta aji-aji bisa yawan sa'o'in da ake ba su a rana, kuma layin da ya fi samun wuta ya fi tsadar kuɗi. Don haka ka san ajin layin da gidan yake kai, domin abin zai shafi aljihunka kowane wata. Ka tambaya gida nawa ne ke kan taransifomar unguwar, da wanda ke biyan gyara idan ta lalace. Ka tabbata mitar gidan ta kati ce, ka kuma je ofishin kamfanin da lambarta a duba maka ko akwai tsohon bashi a kanta. Gidan da ke ƙarƙashin manyan wayoyin wuta kuwa, kada ka saye shi ko da an ba ka rabin kuɗi, domin yana cikin haɗari, kuma hukuma tana da ikon rushe shi.

MAKARANTA, ASIBITI DA KASUWA

Gidan iyali ana auna shi ne da bukatun ƙaramin cikinsu da tsohon cikinsu. Ka lissafa nisan gidan da makarantar boko da ta Islamiyya, da masallaci ko coci, da ƙaramin asibiti, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa idan lalura ta taso da tsakar dare. Ka lissafa nisansa da kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, inda uwargida za ta riƙa cefane.

A nan ne wasu ke yin kuskuren lissafi. Tun asali an tsara GRA ne domin masu mota. Gidajenta a warwatse suke, shaguna ba su da yawa, Keke Napep ba ya shiga kowane layi. Magidancin da ba shi da abin hawa, ko yake da mota ɗaya da yara biyar a makarantu uku, ya zauna ya rubuta kuɗin zirga-zirga na wata ɗaya, ya ninka shi sau goma sha biyu. Wani lokaci zai ga gida a Fadaman Mada ko Yelwa ko ɗaya daga cikin rukunan gidajen gwamnati ya fi dacewa da halinsa. Kowa ya yanka rigarsa daidai wuyansa.

ZAMAN LAFIYA DA TSARO

Jama'a da yawa sun ɗauka cewa kusanci da Gidan Gwamnati ko bariki ko gidan wani babba shi ne tsaro. Akwai gaskiya a ciki, domin irin waɗannan wurare sukan sami sintiri da hasken titi. Amma tarihin garin ya nuna akwai wata fuskar. A ranar 7 ga Satumba, 2010, 'yan bindiga sun fasa gidan yarin Bauchi, fursunoni fiye da 700 suka gudu. A ranar 29 ga Mayu, 2011, bam ya tashi a kasuwar da ke barikin soja na Shadawanka. Ba a kawo waɗannan don a tsorata kowa ba, shekaru sun shuɗe a kansu. An kawo su ne don a gane cewa a lokacin tashin hankali wuraren hukuma su ne ake fara hari, kuma su ne ake fara rufe hanyoyinsu da shingaye. Mai gida kusa da su ya san da wannan.

Abin da ya fi damun iyali yau da gobe shi ne sata, da fashi, da ƙwacen waya, da lalacewar tarbiyyar yara. Ga abubuwan da za ka duba:

Na farko, kangwaye da filayen da ciyawa ta rufe. Gidan da aka bari shekara da shekaru babu kowa, maɓoyar ɓarayi ce da macizai. Ka ƙidaya su a layin.

Na biyu, sanin juna. Doguwar katanga tana hana ɓarawo hawa, amma idan ya riga ya shiga tana hana maƙwabci jin kururuwa. A cikin gari, inda gidaje ke manne da juna, baƙo ba ya wucewa ba a gan shi ba. A GRA mutum yana iya shekara bai san sunan na jikin katangarsa ba. Saboda haka ka tambaya ko mazauna layin suna da ƙungiya, ko suna taro, ko sun ɗauki 'yan sintiri, da nawa kowane gida ke biya. Layin da mutanensa ke haɗuwa a masallaci ko a wurin suna da jana'iza ya fi layin da ke da ƙofar ƙarfe kaɗai aminci.

Na uku, hanyar shiga da fita. Motar 'yan kwana-kwana ko ta asibiti za ta iya kaiwa ƙofar gidan? Idan an rufe bakin layi da dare, wa ke riƙe da mabuɗi?

Na huɗu, bakin mutane. Matambayi ba ya ɓata. Ka gai da mai unguwa da limami, ka zauna da mai shayi da mai gadi da mai wanki, domin su ne suka san abin da ke faruwa da dare. Ka je caji ofis mafi kusa ka gabatar da kanka, ka tambayi irin ƙarar da aka fi kawowa daga wannan yanki. Tambaya ɗaya kada ka manta da ita: me ya sa mai gidan yake son sayarwa? Ka yi wa mutum uku wannan tambaya dabam-dabam, ka gwada amsoshinsu.

INA UNGUWAR TA DOSA?

Kana sayen gida ne domin shekara ashirin ko talatin masu zuwa. A manyan biranen ƙasar nan tsofaffin gidajen GRA da yawa sun koma ofisoshi da makarantu da asibitoci da otal-otal. Wannan yana ɗaga kuɗin fili, amma yana rage daɗin zama. Idan maƙwabcinka ya ta da bene mai hawa uku, tsakar gidanka ta zama a fili, iyalinka sun rasa sutura. Ka je hukumar raya birane ta jiha ka tambaya abin da aka ware layin dominsa, zama ko kasuwanci, da iyakar hawan da aka yarda a gina, da ko akwai shirin faɗaɗa titin. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: allunan kamfanoni da tulin yashi da bulo a ƙofofin gidaje za su gaya maka inda layin ya nufa.

TAKARDU

Ko unguwa ta kai aljannar duniya kyau, idan takarda ba ta inganta ba, ka yi cinikin biri a sama. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka saka cikin tsarin mulki, ta danƙa dukan ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana. Abin da mutum ke mallaka a birni shi ne izinin zama a kan fili, galibi na shekara 99, kuma shaidarsa ita ce satifiket ɗin da ake kira C of O. Sashe na 22 na dokar ya hana mai wannan izini ya sayar ko ya jinginar sai da amincewar Gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan a 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo. Sashe na 28 ya ba Gwamna ikon soke izini saboda bukatar jama'a, ko saboda an karya sharuɗɗan da ke cikin satifiket.

Ga matakan da za ka bi, kuma ka bi su da lauyanka, ba lauyan mai sayarwa ba:

1. Ka ga asalin satifiket da idonka. Idan hoto kawai aka nuna maka, mai yiwuwa asalin yana banki an jinginar.

2. A yi bincike a ofishin rajistar filaye na jiha, a tabbatar da sunan mai shi, da girman filin, da shekarun da suka rage, da ko akwai jingina ko ƙara ko bashin kuɗin ƙasa.

3. Ka ɗauki safiyo mai rajista ya gano duwatsun iyaka, ya gwada su da taswira. Idan yanki aka gutsuro daga babban fili, ka tabbata hukuma ta amince da rabawar.

4. Ka nemi taswirar ginin da hukuma ta buga wa hatimi.

5. Idan tsohon gidan gwamnati ne da aka sayar wa ma'aikaci, kamar yadda aka yi da yawa bayan 2003, takardar tayi ba ta isa ba. Sai an ga shaidar ya gama biya, an kuma ba shi takardar mallaka.

6. Idan gidan gado ne, ka nemi takardar rabon gado daga kotu, kuma kowane magaji, mace da namiji, ya sa hannu. A mazhabar Malikiyya, wanda yake tarayya cikin gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, watau ya fanshi kason da abokin tarayyarsa ya sayar. Wanda ya sayi kason magaji ɗaya a ɓoye ya sayi rigima.

7. Ka biya ta banki, da sunan mai gida, a gaban shaidu. Bayan ciniki ka nemi amincewar Gwamna, ka biya kuɗin hatimi, ka yi rajistar takardar da sunanka. Kada ka jefa ta cikin akwati ka ce sai wata rana.

YADDA AKE ƘIYASTA KUƊI

Kuɗin gida kashi biyu ne: na fili da na gini. A wuri irin GRA sau da yawa filin ya fi ginin daraja. Tsohon gida yana iya ɓoye ciwo: wayoyin wuta da suka ƙone, bututun da suka yi tsatsa, katakon rufi da gara ta cinye, saiwar itace da ta tsaga harsashi. Wasu tsofaffin gidajen gwamnati an yi musu rufi ko silin da asbestos, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu idan aka farfasa shi, don haka sai masana ne za su cire shi. Ka kai injiniya ya duba, ya rubuta maka kuɗin gyara, ka cire shi daga abin da za ka taya.

Akwai hanyoyi biyu masu sauƙi na gane ko farashi ya yi daidai. Ta farko, ka binciko nawa aka sayar da gidaje uku masu kama da shi a wannan yanki cikin shekara guda. Kuɗin da aka biya ake nufi, ba wanda aka sa suna ba. Ta biyu, ka gwada da haya. Ga misali don fahimta kawai: gida biyu kowanne ana hayarsa naira miliyan 2 a shekara. An ce na farko naira miliyan 40, na biyu naira miliyan 60. Na farko zai mai da kuɗinsa cikin shekara 20, na biyu sai shekara 30. Sai ka tambayi kanka, me ke cikin na biyu da ya kai ƙarin naira miliyan 20? Idan faɗin fili ne ko ingancin takarda, da sauƙi. Idan sunan unguwa ne kawai, ka sake tunani.

Dillali la'ada yake nema, kuma la'adarsa tana ƙaruwa ne idan farashi ya ƙaru. Masu ƙiyasta darajar gidaje kuwa sana'a ce da doka ta tsara tun 1975, suna da hukumar da ke yi musu rajista, kuma suna sa hannu a kan rahotonsu. Ladansu kaɗan ne idan aka gwada da asarar da za su tsare maka.

Ma'aikacin da ke zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa a Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana iya neman rance mai sauƙi daga Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Amma banki ba ya ba da rance a kan gidan da takardunsa ba su cika ba. Wannan ma ma'auni ne: gidan da banki ya ƙi karɓa jingina, kai ma ka yi hattara da shi. A ƙarshe, kada ka zuba dukan abin hannunka a ciniki. Ka ware kuɗin lauya da safiyo da rajista da gyara da ƙaura.

TAƘAITAWA

Ya kai magidanci, duk wanda ya ce maka ka kawo kuɗi yau domin wani na nan tafe gobe, ka ce masa Allah ya ba mai rabo sa'a. Sauri ya haifi nawa. Ka ziyarci unguwa sau huɗu. Ka bi ruwa daga inda yake zuwa har inda yake fita. Ka san maƙwabtanka kafin su zama maƙwabtanka. Ka tambayi hukuma inda layin ya dosa. Ka ga takarda a ofis kafin ka ga mabuɗi. Ka shawarci uwargida, domin ita ce za ta fi kowa wuni a gidan. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

TAMBAYOYI DON NAZARI

1. Waɗanne abubuwa huɗu ne suka ba GRA darajarta tun asali? Nawa daga cikinsu ake samu a unguwarku?

2. Me ya sa ake son mai saye ya ga gida a ranar da aka yi ruwa? Waɗanne alamu zai duba idan da rani ne?

3. Mene ne hukuncin cinikin gidan da aka yi a birni ba tare da amincewar Gwamna ba?

4. An taya maka gida naira miliyan 45, hayarsa naira miliyan 1.5 a shekara. Shekara nawa zai yi kafin ya mai da kuɗinsa?

5. Ka kawo mutum biyar da ya kamata ka yi magana da su a unguwa kafin ka biya kuɗi, da tambayar da za ka yi wa kowannensu.

Idan ka gama karanta wannan ɗan littafi, ka miƙa wa ɗan'uwanka, ka kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba. Allah ya ba kowa muhalli na gari da maƙwabta na ƙwarai, amin.